Samm Aka Ce, Samin Ya Ji

Baffana ya rasu ranar wata Talata da hantsi. Bayan azahar muka sallace shi, kafin la'asar mun dawo mun shimfiɗa tabarmi a lungunmu na unguwar Ruwais, cikin Jidda. Daga Allah muke, wurinsa za mu koma, kuma ba a shawara da kowa kan ranar da ta fi masa sauƙi. Yau kwana arba'in ke nan. Na zauna rubuta wannan ne domin na ga mutane sun fara abin da na san za su yi, sun daina ambatonsa, kamar waɗanda aka sauke wa kaya.

Zaman makokinsa gida biyu ya rabu, ko makaho ya zo zai gane. A gefe guda masuntan Bangala, kasuwar kifinmu, mutanen Jidda da na Yaman, sun zo da ƙarnin teku a jikinsu suna riƙe hannuna suna cewa, "Azzamallahu ajrak, ya waladi." Wasu hawaye suke a fili. Su suka aiko da akwati biyu na kifi cikin ƙanƙara, mata suka dafa sayadiya, wato shinkafa da kifi yadda yake so. Suka ci suka suɗe hannu suna ba da labarinsa, suna kiransa da sunan da suka san shi da shi.

A ɗaya gefen kuwa tsofaffinmu ne, waɗanda suka tako daga ƙasar Hausa da ƙafarsu. Su ba su kira shi da kowane suna ba. "Marigayi" kawai suke cewa, su dubi tabarma. Da aka ajiye musu tire, sai kowa ya tuna da ciwonsa. Wannan ya ƙoshi, wancan kifi na sa masa ƙaiƙayi, na ukun likita ya hana shi. Mutanen da na sha gani a gidan suna suna tsotse kan kifi har ƙashi. Shinkafar gefe suka tsattsakura suka kora da gahawa. Na ji haushinsu ƙwarai, sai dai ni ma da na duba gabana ban taɓa kifin ba.

Sunan da masunta ke kiransa da shi ba nasa ba ne, na mahaifina ne. Takardar da aka nuna a asibiti ma ta mahaifina ce. Tsofaffin sun san haka, sun kuma san abin da ake faɗa game da yadda sunan ya koma kansa.

A rana ta uku limamin unguwa, tsoho mai sanyin murya, ya yi abin da aka saba. Ya ce duk wanda marigayi ya ɓata wa ya yafe masa. Aka amsa "mun yafe" kamar yadda ake amsa amin. Sai ya juyo ya dube ni, tsofaffin nan duka suka dube ni tare da shi.

"Kai fa, ɗana? Kai ne mai haƙƙi."

Daga tsakar gida na ji Goggo, yayar mahaifina da Baffa, ta yi gyaran murya. Liman ya jira ni kamar tsawon Fatiha biyu, sannan ya shafa addu'a aka tashi. Wata guda na yi da kalmar nan a maƙogwarona kamar ƙayar kifi, ba ta fita ba, ba ta wuce ba. Ta yaya zan yafe abin da ban san ko an yi shi ba?

Su biyun, mahaifina da Baffa, Sarkawa ne, masunta daga bakin Kwara wajen Yawuri. Mahaifina ya riga zuwa da shekaru, ya yi dako a tashar jiragen ruwa, ya samu tabi'iyya, takardar zama ɗan ƙasa, a lokacin da samunta bai yi wuya ba. Ya sayi huri, ɗan kwalekwalen da ake shiga teku da shi, ya koma sana'ar iyayensa. Baffa ya biyo bayansa ta Sudan, ya iso ba shi da komai sai koma guda da ya ƙi sayarwa a hanya, ko ƙyallen takarda babu. Kamarsu ɗaya, tsawonsu ɗaya, kuma wanzami ɗaya ya yi musu zanen fuska.

Cikin mutanenmu mahaifina ne ya fara shiga huri da ƙanƙara. Kafin nan dole masunci ya juyo gaɓa tun rana ba ta yi zafi ba, in ba haka ba kifinsa ya lalace a hannunsa. Shi kuwa sai ya sayi falan guda a gidan ƙanƙara, ya naɗe shi da buhu, ya binne cikin garin katako a akwati, su wuce duwatsun cikin ruwa su kai har azahar suna jefa fatsa. Inna, mahaifiyata, ta ce ranar da Baffa ya fara ganin ƙanƙara, gutsure ya saya ya sa cikin hularsa zai kawo mata ta gani. Ya iso gida da jiƙaƙƙiyar hula yana rantsuwa mai sayarwar ya cuce shi. Daga baya shi ya fi kowa sanin halinta a duk Bangala. Da ƙwanƙwasa falan da ɗan yatsa zai gaya maka ko na jiya ne. "Ƙanƙara ba ta jiran ciniki," haka yake cewa in ya ga mutum na jan magana, kuma da wannan yake yanke duk hirar da ba ya so.

Ina ɗan shekara huɗu ranar da abin ya faru. Ba na tuna komai sai ƙamshin gashi da kukan Inna. Sauran duk ji na yi, daga baki uku, na Inna da na Goggo da na Baffa, kuma bakunan ba su taɓa haɗuwa ba.

Abin da suka yarda da shi duka shi ne wannan. Ranar Alhamis ce. Cikin kifin da suka kamo akwai talibambam, wanda yake kumbura ciki in an taɓa shi. Baffa ya yi murna da ganinsa, domin ya ce a gida feɗe shi ake yi a ci, kuma tun da ya zo bai ga kifin da ya sani ba sai shi. Mahaifina ya wuce kasuwa da kifin sayarwa, Baffa ya tsaya bakin ruwa yana gyara na gida. Ya farke talibambam ɗin ya ciro hanta, babba, tana ƙyallin mai. Wani masunci mutumin Yaman da ke wucewa ya tsaya, ya nuna hantar da yatsa ya yi magana. Shi mutumin ya ce "samm" ya faɗa, wato dafi. Baffa ya ce "samin" ya ji, wato mai kitse. Ya yi dariya ya gyaɗa kai, mutumin ya ɗauka an gane shi, ya wuce.

Ya kawo hantar gida ya gasa ta da gishiri da barkono, ya ajiye gaban yayansa, domin a gidanmu hanta ta babba ce. Ni da Inna wani kifin muka ci. Baffa bai ci komai ba, ya ce yana azumi. Mahaifina ya cinye ya yaba. Bayan ɗan lokaci ya ce leɓensa ya mutu, sannan harshe ya yi nauyi, sannan hannu ya ƙi ɗaguwa. Idonsa a buɗe yana kallon kowa har ya cika, kafin magariba.

Daga nan ne labarin yake rabuwa. Zafi ake yi, sai Baffa ya jera sauran ƙanƙarar kifi gefen gawar ya ce a bari sai da safe. Inna ta ce don a samu mutane ne. Goggo ta ce don ya samu lokaci ne. Ko ma don me, ya zauna da dattawa uku, cikinsu har da wanda yake limaminmu yanzu, kuma da gari ya waye aka binne mahaifina a matsayin wani baƙon alhaji marar takarda, irin waɗanda ake binnewa kullum ba a tambayi sunansu ba. Takardar ta zauna a aljihun Baffa. Hoton da ke jiki ya kwashe shekaru yana shan gumi, kuma a idon ma'aikaci zane zane ne. Hurin da wurin sayarwa a kasuwa duk da sunan mahaifina suke, dattawan suka ce in sunan ya mutu, mace da yaro za su rasa abin ci. Da Inna ta fita takaba aka ɗaura musu aure ba tare da ganga ba, tunda takarda ta riga ta ce mijinta ne.

Takarda, huri, mata. Goggo da yatsu uku take lissafa su, ta ɗaga su sama don kowa ya gani.

"Wane Bahaushe ne bai san sammu ba?" in ji ta. "Ko jinjiri ya san sammu. Kalmar ma daga bakin Larabawa munka aro ta. An ce maka samm, ka ce kitse ka ji?"

"Hanta ce, Yaya, tana ƙyallin mai. Mutum ya nuna hanta ya yi magana, mi zan ji?"

"To azumin fa? Tun yaushe ka fara azumin Alhamis, kai da ko na Ramalana da ƙyar kake kaiwa la'asar?"

"Alkawari na ɗauka a jirgin ruwan Sawakin, daga Sudan, da iska ta taso mana."

"Kifi na ganinka, mai jar koma."

Wannan rigimar na ji ta ya fi sau ɗari, kalma ba ta canjawa. Da safe za ta zo ta gaishe da Inna, ta ƙi shan ruwan gidan, ta zauna bakin ƙofa ta fara. Baffa kuwa yana gyaran fatsa ko ƙulla darma, ba ya ɗaga murya, in ta kai inda ba zai iya ba ya ce ƙanƙararsa na narkewa ya fice. Ita ta hana ni ce masa Baba. A waje dole in ce "Abuya", wato Baba da Larabci, don kada a gane, a gida in na kuskura ta murɗe mini kunne. Na tashi da baki biyu, kuma ban taɓa jin daɗin ko ɗaya ba.

Azumin Alhamis ɗin bai sake sha ba har ya mutu. Inna ta ce wannan shaida ce mai gaskiya ne. Goggo ta ce wanda ya yi ƙarya da azumi ai dole ya riƙe shi. Ni na kan tsaya tsakiya in ga kowace tana da hujja. An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, an kuma ce ruwa ba ya tsami banza, kuma duk biyun a gidanmu na koye su.

Girki kuwa, Allah ya ba shi hannu, wannan ko Goggo ba ta musu. Yadda yake sayadiya ban ga mai yi ba. Zai soya albasa har ta kusa ƙonewa, daidai inda wani zai ce ta ɓaci, sannan ya zuba ruwan kan kifi, shinkafar ta fito ja kamar ƙasar gida. Ya jiƙa tsamiya ya yi miyar gefe, in ya samu daddawa wurin alhazai ya ɗan marmasa a ciki, abin da maƙwabtanmu Larabawa suka yi shekaru suna tambayar sirrinsa. Amma duk kifin da ya shiga hannunsa, ko najil ne mai tsada, hantarsa sai ya cire ya jefar can nesa. Kuma in ya sauke tukunya ba mai taɓawa. Shi zai fara ɗiba, loma uku, gaban kowa, ya tauna a hankali, sannan ya zauna ya ja carbi zagaye biyar muna kallonsa. Sai ya lashi leɓensa ya ce, "Yalla, bismillah." Duk yarintata kifi mai sanyi na ci. Ƙannena uku da Inna ta haifa masa sun ɗauka haka ake yi a kowane gida. Ni kuwa ina kallonsa ina cewa a raina, wa kake nuna wa? Ranar Alhamis ba ya girki sam, tunda ba zai iya ɗanɗanawa ba.

Lokacin aikin hajji shi ne sallarsa. In jirage suka fara sauke mutanenmu, sai ya ƙara falan ƙanƙara, ya ƙi sayar da rabin kamunsa, ya dafa a babbar tukunya ya ɗauka a ka zuwa inda suke yada zango kusa da tasha. Tsofaffi da suka yi kwanaki suna amai a jirgi, mata da goyo, ya zauna tsakiyarsu yana cire musu ƙaya yana tambayar ko Kwara ta kawo ruwa bana. Ko sisi ba ya karɓa. Na daɗe ina ɗauka neman gafara yake. Sai da na girma na lura da wani abu: su kaɗai ne Hausawan da ke cin abincinsa ba su dubi hannunsa ba. A wurinsu yake dariya har haƙoransa su fito. Bayan kwana biyu wani ɗan unguwa zai raɗa musu labarin, washegari tukunyar ta dawo da saura. Sai ya jira jirgi na gaba.

Ba zan ce ya taɓa cuta mini ba. Ya sa ni makaranta, ya hana ni shiga huri, ya ce ruwan gishiri ya ci na gidanmu ya isa. Ranar da na samu aiki a sito na tashar jiragen ruwa shi ya fi kowa murna. Ni kuma abin da na saka masa da shi, na shekara biyu ina bin masuntan Yaman a Bangala ina tambayar mutumin da ya nuna hantar. Aka ce ya koma ƙasarsu tun tuni, wasu suka ce ya mutu. Baffa ya san ina yi, domin ba abin da ke ɓoyuwa a kasuwar kifi. Bai taɓa ce mini uffan ba.

Bara, da sanyi ya shigo, na ɗauki hutun kwana guda na ce zan bi shi teku. Ya ce in ɗauko akwatin ƙanƙara. Alhamis ce, da gangan na zaɓe ta. Bayan asuba muka tura hurin, muka ratsa ta gefen manyan jiragen da suka yi layi suna jiran a sauke musu kaya, har muka kai duwatsun da yake kamu. Ya nuna mini yadda ake sa koto, yadda ake sakin zaren har darma ta taɓa ƙasa sannan a ɗago kamu ɗaya, yadda ake riƙe shi a kan yatsa ana sauraro. Hannunsa duk zaren ya yanka ya warke ya yanka. Duk kifin da ya hau, zai buge kansa, ya fasa ƙanƙara da guduma ya rufe shi, ya mayar da buhu da sauri.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da zarena ya yi nauyi. Na jawo, sai ga shi ya fito yana kumbura, fari a ciki, da haƙora kamar na zomo. Ban taɓa ganinsa da rai ba, amma ba sai an gaya mini ba. Baffa ya miƙo wuƙa zai yanke zaren. Na janye hannuna, na bar kifin yana lilo tsakaninmu.

"Baffa, me ka ji ranar?"

"Saki wannan abin."

"Ba Goggo ce ke tambaya ba, ni ne. Babu kowa nan sai ruwa. Samm ka ji ko samin?"

Na shirya jin amsar da na haddace. Sai ya ajiye wuƙar a cinyarsa ya dubi kifin.

"Shekara ashirin da wani abu ina tambayar kunnena," ya ce. "Da farko wallahi samin nake ji. Yanzu in na tuna bakin mutumin, wata rana in ji wannan, wata rana in ji wancan."

"Wannan ba amsa ba ce."

"Ita gare ni. Kana son in ce maka ban so takardar ba? Na so ta. In askar sunka shigo kasuwa ni ke ɓuya bayan akwatuna kamar ɓera, shi yana tsaye yana ciniki. Na yi hassadarsa, ya waladi, ɗan'uwana da munka sha nono ɗaya. Ban taɓa cewa Allah shi kashe shi ba. Amma ban sani ba ko kunnena ne ya ji samin, ko zuciyata ce ta ji masa."

Na yi shekaru ina jiran ya ce ya yi ko ya rantse bai yi ba, kuma kowanne ya faɗa na san abin da zan yi da shi. Wannan ban san inda zan ajiye ta ba. Na ce masa to me ya hana shi neman gafarata ko sau ɗaya.

"In na roƙe ka, na ce na yi ke nan. In ban roƙa ba, na ce ban yi ba. Wanne zan faɗa in tabbata ba ƙarya nake ba?" Ya miƙo hannu ya yanke zaren, kifin ya faɗa ruwa ya yi ta yawo a sama kafin ya sace ya nutse. "Halas, ya isa. Ɗauki filafili, ƙanƙara na narkewa."

Ba mu sake maganar ba. Na koma sito, ya koma teku. Firij ya fara shiga gidaje, manyan jiragen kamun kifi suka karya farashi, shi yana nan da hurinsa da falan ƙanƙararsa yana cewa kifin firij ɗanɗanon kwali gare shi. Ranar Talatar nan ya gama sayarwa, ya wanke akwatinsa, ya zauna kan benci ya ce a ba shi ruwa. Kafin a kawo ya tafi.

Bayan makoki da wata guda aka ce in je ofishin takardu a cire sunan mamaci daga rajistar iyali, tunda ni ne babban ɗa. Ana gobe zan tafi Goggo ta aika a kira ni. Ta tsufa ƙwarai, ido ya tafi, amma harshen yana nan.

"Ka hwaɗa musu gaskiya," ta ce. "Ka ce ubanka ya mutu tun kana ƙarami, wanga da anka binne ɓarawon suna ne. Kai ba abin da za a yi maka, ɗan mai takardar ne kai na halak. A mayar wa ɗan'uwana mutuwarsa."

Gaskiyarta, ni ba abin da zai same ni. Ƙannena uku ne za su zama 'ya'yan mutumin da bai taɓa shiga ƙasar ba. Babban yana koyon aikin lantarki a unguwar masana'antu, ta biyun an sa ranar aurenta, autan ko Hausa ba ya iya mayarwa sai dai ya ji. Na san inda ake kai marasa takarda, ina ganin jirgin da ke kwashe su daga ƙofar sitonmu. Amma kuma mahaifina yana kwance shekara da shekaru ba wanda ya rubuta ya mutu, kuma wanda ya ci sunansa da bakinsa ya gaya mini bai tabbata ba.

Ma'aikacin saurayi ne mai ladabi. Ya yi mini ta'aziyya, ya buɗe babban littafi, ya karanta sunan mahaifina cikakke har da na kakana, ya karanta ranar Talatar. Sannan ya ɗago ya tambaye ni ko mamacin da aka binne a wannan rana shi ne mai wannan suna, kuma ko mahaifina ne.

A Ruwais aka haife ni, da Larabci na yi karatu, da shi nake mafarki. Babu harafi ɗaya a tambayarsa da ya shige mini duhu, ba iskar teku, ba baƙon harshe. Na ji sarai, na kuma san abin da nake so.

"Aiwa, shi ne," na ce. "Abuya."

Na sa hannu inda ya nuna. Ya buga hatimi ya ce Allah ya ba mu haƙuri.

Daga can ban je gida ba, masallaci na wuce. Na samu liman yana zaune shi kaɗai bayan azahar, na durƙusa na ce masa na yafe wa Baffa. Ya dube ni da idon mutumin da shi ma yana cikin dattawa ukun nan.

"Ka gano bai yi ba ke nan?"

"Ban gano komai ba, Malam. Ko samm ya ji, na yafe."

Goggo ta daina amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinta ba, ɗan'uwanta ne, haƙƙinta tana riƙe da shi. Ni dai na rubuta wannan ne don a san an yi wani mutum a Ruwais wanda ya iya ƙanƙara, ya iya tukunya, ya ciyar da baƙi, ya rene ni, kuma ba zan iya rubuta sunansa ba ko a nan. Allah ya jiƙan mahaifina da aka binne babu suna, ya jiƙan Baffana da aka binne da sunan wani, ya yi masa hisabi da sauƙi kan abin da shi kansa bai sani ba. Ni kuma da na san nawa, Allah ya yafe mini.